Yadda na yi lissafi kan jinyar Baba

Da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki aka sallamo shi daga asibiti da sharaɗin dole wani ya zauna da shi dare da rana, a riƙa juya shi kar bayansa ya yi gyambo, a ba shi magani kan lokaci, a kai shi gashi. Mama ba ta da ƙarfin ɗaga shi. Tun kafin a zauna magana kowa ya gama yankewa a ransa cewa Auta ce za ta ajiye karatu ta dawo gida, wai ai ita ba aure ba aiki, mu kuwa kowa da iyalinsa da nemansa.

Lokacin ina ta karance-karance kan falsafar nan ta amfanin mafi yawa, wadda Jeremy Bentham na Ingila ya shimfiɗa a 1789. Shi a wajensa abin da ya dace shi ne wanda ya fi kawo jin daɗi ya rage wahala ga duk wanda abin ya shafa, kuma kowa mutum ɗaya za a ƙirga shi, babu babba babu ƙarami. Har ma'auni bakwai ya kawo, ciki akwai tsananin abin, da daɗewarsa, da tabbacin zai faru, da abin da zai haifar gaba, da mutum nawa zai taɓa. Nace bari in gwada, na ɗauko biro da takarda na jera sunayenmu har da Baba.

Kallon farko kamar Yaya babba ne da gaskiya, mutum ɗaya ta wahala sauran gidaje su huta, shikenan. Amma da na zo kan daɗewa sai lissafi ya juye, don namu asarar barci ce da kuɗi da ɗan takura, abin da mutum zai farfaɗo daga gare shi, ita kuwa karatun da aka ajiye ba ranar komawa zai bi ta har tsufa, kuma jinyar irin wannan ciwon ba wanda zai ce maka ga ranar ƙarewarta. Ga shi kuma Baba ba yaro ba ne, zai gane an tsayar da rayuwar 'yarsa saboda shi, wannan ma ciwo ne da dole a rubuta.

Inda abin ya fara ba ni wahala shi ne wajen sa maki. Baba baya son 'yarsa ta masa wanka, in aka zo canza masa kaya sai ya juya fuska bango ya yi shiru. Toh wannan kunyar maki nawa ce? John Stuart Mill ma da ya zo daga baya, a 1863, sai da ya ce jin daɗi ba iri ɗaya ba ne, wani ya fi wani daraja, amma faɗa da baki ya fi sauƙi kan rubuta lamba.

Na miƙa wa Auta takardar nace ta sa nata da kanta, wallahi ta rubuta asararta ƙasa da ta kowa, tace “Yaya ai Baba ne.” Nan na ga lissafin nan abin da aka gaya masa kawai yake ɗauka, mai kawaici kullum zai rage nasa, mai baki ya ƙara. Na soke nata na sa abin da na san zan rubuta da ni aka ce in bar aikina.

A zaman ban ko ambaci Bentham ba, da sun min dariya. Tambaya kawai na yi, kowa ya faɗi me zai rasa kuma har yaushe. Muka tsaya kan za mu haɗa kuɗi a ɗauki mai jinya namiji da rana, mu maza mu riƙa karɓa-karɓar kwana, Auta ta zo in an yi hutu. Yaya babba har yanzu yana mita duk ƙarshen wata in an zo biyan mai jinya, kuma nima ranar kwanana da jan ido nake zuwa aiki.