Fendulum ɗinmu ya ba da 9.77

Alhamdulillahi, 'yan uwa, yau g ya fito, wato lambar da ke nuna yawan saurin da jan duniya ke ƙara wa abu mai faɗuwa a kowace daƙiƙa. Muna auna shi da fendulum, dalmar da aka rataya a zare tana lilo. Murnar ta hana ni jira har gobe kafin in rubuta.

Abin da ya ci mana rai tun farkon zango shi ne lambar g da ke canjawa da tsawon zare. A santimita 40 sai mu samu kusan 9.43, a mita ɗaya kuma 9.64. Duka ƙasa, kuma gajeren zaren ya fi muni. Muka zargi agogon waya, muka koma ƙirga lilo ashirin maimakon goma, muka rage lilon zuwa ƙasa da digiri 5, har fanka muka kashe ana zuba gumi. Lambar ta ƙi motsi.

Ashe tsawon ne. Dalmar ɗakin gwajinmu da muke ratayawa a zaren ba zagayayya ba ce, ƙasanta ya fi kauri, don haka tsakiyar nauyinta ta fi inda ido ke zato ƙasa. Sama kuma zaren yana zamewa a bakin matsin, wurin da yake lilo ba shi ne inda rula ta fara ba. Kuskuren iri ɗaya ne a kowane awo, shi ya sa yake cin gajeren zare fiye da dogo.

Maganin ya fi sauƙi fiye da wahalar da muka sha. Muka tsaga toshiyar kwalba gida biyu muka matse zaren a tsakani. Sannan muka daina lissafa g daga kowane awo shi kaɗai, muka zana giraf na L (tsawon zare) da T² (lokacin lilo ɗaya an ninka shi da kansa) muka ɗauki gangaren layin muka ninka da 4π². Kuskuren da ba ya canjawa yana tura layin ne kawai, ba ya taɓa gangarensa. Tsohon awonmu ma da muka zana, layin ya kauce wa sifili da kusan santimita ɗaya da rabi.

Kada kowa ya ce mun gaza 9.81 da aka saba gani a littafi, domin g yana raguwa idan aka kusanci layin da ya raba duniya biyu. A Kano, digiri 12 arewa da wannan layin, g bai wuce 9.78 ba. Haka agogon fendulum na Jean Richer, masanin taurari ɗan Faransa, ya riƙa latti da minti biyu da rabi kullum a Kayen, wani gari a Kudancin Amurka kusa da layin, a 1672, bayan an saita shi a Faris.

Mako mai zuwa za mu gwada zaren mita biyu daga saman ƙofa.