Zanen da soja ke yi wa makaminsa

Duk wanda ya saba ratsa layin dukawa da na maƙera a Kasuwar Kurmi ya san ƙawata makami tsohon abu ne a Kano, domin takobin hawan salla ba ya cika sai da kube mai zayyana da hamila. Amma wannan aikin gwani ne da aka biya shi ladansa. Akwai wani zane dabam wanda soja ke yi da hannunsa a bakin daga, da tsinin wuƙa ko ƙusa, kuma a ganina shi ya fi cancantar adanawa, ko da yake bai kama ƙafar na gwani a kyau ba.

Inda wannan al'ada ta fi fitowa fili shi ne yaƙin da Ingila ta yi da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902. Mayaƙan Bowa manoma ne da suka baro gonakinsu, kowa yana riƙon bindigarsa tamkar mallakinsa, saboda haka da yawansu suka sassaƙa sunansu, da sunan gonarsu, wani lokaci har da wuraren da suka gwabza, a jikin ƙotar bindigar Mauser. Bindigogin da aka ƙwace ganima sun tafi Ingila da Ostareliya a matsayin tsarabar yaƙi, kuma wannan rubutun ne ke sa a iya gano mai su har yau.

Sojan gwamnati kuwa ba shi da wannan 'yancin, tunda bindigar ta hukuma ce, wanda ya karce ta kuma ya sayi horo. Shi ya sa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsakanin 1914 da 1918, hannu ya karkata ga kwanson harsashin igwa, wanda ake bugawa da guduma a fitar da furanni da sunan gari, a mai da shi mazubin fure.

Mu ma muna da rabonmu. A Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan Arewa da dama sun je Burma cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma adda na cikin kayan da suka riƙe a wannan daji. A wani gida a Fagge an nuna mini addar wani tsohon soja: an karce lambarsa a ƙotar da haruffa karkatattu, ƙasa da ita akwai dagi, sai sunansa da ajami, wanda gumin hannu ya kusa shafewa. Jikokinsa na shirin kai ta a goge ta da sanfefa a shafa mata banish, wai don ta yi kyan ratayewa a falo. Na roƙe su su bari, domin sanfefa ba ta bambance datti da rubutu.

Abu ɗaya ke neman hattara ga mai saye: 'yan kasuwa sun iya tsufar da sabon zane. A kwanson igwa akan buga shekarar ƙira da alamar masana'anta a gindi, don haka idan zanen ya ce 1916 alhali gindin ya nuna 1918, to daga baya aka yi shi.