Darussan da na koya a ɗakin gwajin fiziks

Ƙarshen zangon nan zan miƙa rajista in bar koyar da fiziks a makarantar nan. Abokan aiki sun san dalili, amma ina so wanda zai gaje ni ya ji daga bakina.

Maganadisun da ke ɗakin gwaji duk na ƙira ne, sandunan ƙarfe mai tauri da aka cusa wa ƙarfin ja. Irin waɗannan ba a watsa su a durowa kamar cokula. Ana kwantar da su biyu-biyu, bakin arewa na ɗaya kusa da bakin kudu na ɗayan, a haɗa bakunan da guntun ƙarfe mai laushi. In ba a yi haka ba, ƙarfinsu kan zube a hankali, faɗuwa ƙasa da gwaruwa kuma su ƙarasa su. Shugaban sashenmu, wanda makullin ɗakin ba ya barin aljihunsa, ya ga guntayen nan ya ce tarkace ne, ya sa aka share su. Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan su ne ke riƙe musu ƙarfi." Ya ce ya fara koyarwa tun ina firamare.

Ranar da masu duba makarantu suka shigo ajina na SS2, na ɗaga sanda a kan garin ƙarfe, ko motsi bai yi ba. Na ɗauki ta biyu, da ƙyar ta ɗaga allura. A gaban baƙi da ɗalibai shugaban ya ce ni na lalata su, wai ina fita da su ina barin su a rana. Washegari takardar tuhuma ta iso. Na amsa da cewa zafin da ke raba ƙarfe da maganadisunsa gaba ɗaya ya kai digiri 770 a ma'aunin Salsiyos, zafin rana kuwa ko a watan Afrilu bai kama ƙafar haka ba. Babu wanda ya karanta amsar. Tuhumar ce ta zauna a fayil ɗina, ita aka buɗe lokacin ƙarin girma. Har yau abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Ban jira kowa ba, na gyara sandunan. Na naɗe waya mai rufi zagaye da yawa a kan bututun kwali, na zura sanda ciki, na haɗa da batirin babur na ɗan lokaci. Tun 1820 masanin kimiyya Oersted ya nuna cewa lantarki mai gudu a waya yana karkatar da allurar kamfas, a kan wannan aka gina dabarar. Ɗalibai suka gani da idonsu: ƙusa tana ja muddin da wuta, a cire ta saki, allurar ɗinki kuwa ta riƙe ƙarfinta. Bayan wannan darasin ba wanda ya sake rikita maganadisu mai ɗorewa da na wucin gadi a jarrabawa.

Maganadisu na halitta, baƙin dutsen nan mai jan ƙarfe da kansa, ba mu taɓa samun ko ɗaya ba. Sai mu ja maganadisun tsohuwar sifika cikin yashi, baƙin gari ya maƙale, in ce musu yawancinsa ma'adinin da dutsen ya ƙunsa ne.

Sauran kaɗan ne. Kada ka ce wa yara maganadisu yana jan kowane ƙarfe: yana jan baƙin ƙarfe da nikel da kobalt, ba ya jan tagulla ko alminiyam ko zinariya, 'yan gwangwan ma da haka suke tantance kayansu. Duk shawarar da ka ba na gaba da kai, rubuta ta, ka ajiye kwafi. Kada ka sa hannu a takardar karɓar kayan gwaji sai ka gwada kowace sanda a gabansa. Sababbin guntayen ƙarfen da na sa maƙeri ya yanka suna cikin akwatin kamfas, a bayan kabad. Kada ka nuna wa shugaban sashe inda suke.