Shanun Kwinsland ba su san kiran makiyayi ba

Duk wanda ya taso a Daura ya saba ganin yaro ɗan shekara goma a gaba, sanda a kafaɗa, shanu hamsin na biye da shi. Ɗan ƙasarmu da ya sami aiki a gandun shanu a jihar Kwinsland, arewa maso gabashin Ostireliya, wannan sabo da ya yi ne yake fara cutar da shi. Kafin ya saba da zafin watan Disamba, da nisan masallacin Juma'a, da Turancin mutanen daji mai haɗiye rabin kalma, sai ya fara koyon cewa saniyar nan ba ta san shi ba. A manyan gandayen arewacin Ostireliya sau ɗaya ko biyu a shekara ake tattaro shanu, da babura da dawaki, wani wurin har da jirgi mai saukar ungulu. Saniyar da ba a taɓa tatsa ba, ba ta taɓa kwana a turke ba, halinta na gado kawai take da shi. Shi ya sa a nan ake maganar halin iri kamar yadda dillalan kasuwar Mai'adua ke maganar ƙiba da shekaru.

Birahman ita ce ta fi yaudarar Bahaushe, don kamar Bokoloji take: ga tozo, ga leɓar wuya, sai dai kunnuwanta sun fi tsawo. Daga shanun Indiya aka samar da ita a Amurka, aka kawo ta Kwinsland a 1933 saboda tana jure zafi da kaska. Amma hali ba na Bokoloji ba ne, ya fi kusa da na Rahaji, jajayen shanun Bororo. Tana da saurin firgita, kuma ba ta mantuwa. Wanda ya daka mata tsawa ko ya taɓa ta da sandar lantarki yau, baɗi ma zai sha wahalarta a ƙofar shinge. In aka matsa mata a siririn lungun da ake bi da shanu ɗaya-ɗaya, takan kwanta ta ƙi tashi, duka kuwa ƙara kafe ta yake yi. Maganin shi ne a ja baya, a yi shiru, a buɗe mata gaba ta hango 'yan'uwanta. In kuma an bi ta a hankali tun tana maraƙa, ta fi kowace saniya bin mutum, kuma a nan ne hannun ɗan Katsina yake da daraja.

Harifod, ja mai farar fuska daga Ingila, ita ce mai sanyin rai. Sabon zuwa da ita ya kamata ya fara. Shothon ma haka. Angus baƙa ce, asalinta Sikotland, ba ta da ƙaho, kuma ta fi yawa a kudancin Ostireliya inda ake sanyi. Yawancinta da sauƙi, sai dai uwa mai sabon jego ba ta da wasa, kuma rashin ƙaho bai hana ta danne mutum da goshi a jikin ƙarfe ba. Limuzin ta Faransa ta daɗe da sunan tsalle da tsere, ko da yake masu kiwonta sun yi shekaru suna cire masu zafin kai daga haihuwa, har an ga bambanci. Sharole fara ce, ƙatuwa, halinta tsaka-tsaki, amma girman bijiminta kaɗai ya isa a yi hattara. Santa Gaturudis, haɗin Birahman da Shothon, tana tsakanin iyayenta biyu.

Ba da ido kawai ake yanke hukunci ba, auna halin ake yi. Ana sa maraƙi a kejin ƙarfen da ake matse dabba don allura, a ba shi maki daga 1 zuwa 5: 1 ya tsaya cik ya fita a natse, 3 yana fizge-fizge da kaɗa wutsiya, 5 ya nufo mutum da faɗa. A shanun arewacin Ostireliya kuma ana kafa na'ura mai haske biyu, tazarar kusan mita biyu, a ƙofar kejin, ta ƙidaya daƙiƙun da dabba ta ɗauka kafin ta ratsa. Mai fita kamar kibiya ita ce mai matsala. Hali ana gadonsa, don haka bijimi mai maki 4 ko 5 ba a barinsa ya yi barbara komai kyansa. A cikin iri ɗaya ma bambancin yana da yawa. Akwai Harifod mai tunkuyi.

Dalilin duk wannan kuɗi ne da lafiyar ma'aikata. Saniya mai firgita ba ta cin abinci sosai a wurin turka, ba ta ƙiba da wuri, tana kurje jikinta a mota. In ta galabaita kafin yanka, sukarin da ke ajiye a tsokarta ya ƙare, naman ya fito baƙi-baƙi, ma'aunin tsamin nama da ake kira pH ya haura 5.7, mayanka ta rage farashi.

Abin da za a fara koya wa sabon ma'aikaci shi ne wurin tsayawa. Saniya tana ganin kusan duk kewayenta ban da daidai bayanta, nan ne kuma ake samun harbi. Kafaɗarta ce ma'auni: ka tsaya bayan kafaɗa ta yi gaba, ka tsaya gabanta ta ja baya. Ƙaramin shingen da ke kai wa lungu rabi ake cika shi, don su sami wurin juyawa. Ba a ware saniya ɗaya a bar ta ita kaɗai, nan take haukacewa. Kafin ka shiga kowane shinge, ka san ta inda za ka haura.

Lokacin yaye ne ake gyara hali. Ana tsare maruƙa a shinge kwana biyar zuwa goma, da busasshiyar ciyawa da ruwa mai tsabta, ana ratsa su kullum a ƙafa, ana bi da su ta lungu da keji ba tare da allura ko lamba ba, sannan a riƙa fita da su kiwo a dawo da su da yamma. Aiki ne na haƙuri da yawan ma'aikata ba sa so, kuma wanda ya taɓa horar da shanun huɗa a gonar Sandamu ko Zango zai tarar ya riga ya iya rabinsa.