Gawa Daban, Mushe Daban

Aikin fassara daga Turanci zuwa Hausa ya koya mini cewa ƙamus yana faɗin gaskiya, amma ba ya faɗinta duka. Zai ce maka animal dabba ce, beast dabba ce, brute ma dabba ce, ya bar ka a nan. Abin da ba zai nuna maka ba shi ne irin kallon da mai magana yake yi wa abin da ya ambata, alhali sau da yawa wannan kallon ne ainihin saƙon.

Animal ita ce ta malaman kimiyya da likitocin dabbobi, ba yabo ba zagi. Tushenta Latin ne, daga anima, wato numfashi ko rai, shi ya sa malamin ilimin halittu zai sa ɗan Adam a cikinta ba tare da nufin raini ba. Beast ta shigo ta hanyar tsohon Faransanci, tana ɗauke da girma da ban tsoro, ko kuma wahalar dako, kamar jaki da raƙumi. Brute kuwa daga brutus take, mai nauyi, marar wayo. Idan aka kira mutum da ita, ana nufin ƙarfi ne kawai gare shi, ba tunani ba tausayi. Wadda ta fi kama zuciyata ita ce creature, domin ma'anarta ta asali abin da aka halitta, daidai da halitta a bakinmu. Bature zai ga kare a kwance cikin sanyi ya ce poor creature, kuma tausayin da ke cikin maganar ya yi kusa da namu na "bawan Allah". Wanda ya fassara duka huɗun da "dabba" bai yi ƙarya ba, amma ya zubar da rabin maganar.

Inda na fi daɗewa ina nazari shi ne wajen nama. Mu kalma ɗaya muke da ita, sai mu jingina ta: naman sa, naman rago, naman kaza. Bature kuwa yana kiwon cow ya ci beef, yana kiwon sheep ya ci mutton, calf, wato maraƙi, ya zama veal, pig, wato alade, ya zama pork. Sunayen dabbobin na tsohon Turanci ne, sunayen naman kuma daga Faransanci suka zo, bayan da William na Nomandi, wani yanki na Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a Hastings a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a na tsawon ƙarnuka. Bayanin da aka saba yi shi ne talaka yana kiwo da harshensa, basarake yana ci da nasa. Ko yaya dai, rabon ya zauna daram, har ta kai ɗalibin da ya rubuta cewa ya ci cow zai sa mai karatu ya ga saniya sukutum a faranti.

Su kansu kalmomin ba a wuri ɗaya suka tsaya ba. Deer a da kowace dabba take nufi, kamar yadda 'yar'uwarta Tier take a Jamusanci har yau, kafin ta ƙuntata ta koma kan dangin barewa. Meat ma abinci take nufi gaba ɗaya. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta zamanin Sarki James, ta 1611, abin da aka kira meat offering hadaya ce ta gari da mai, babu ko tsoka a ciki. Tun da na san haka, duk rubutun da aka ba ni sai na fara tambayar shekarunsa.

Sai flesh, wadda ta fi sauran wuyar sha'ani. Meat na mahauci ne, flesh kuwa naman jiki ne, har da tsokar mangwaro. A bakin masu wa'azi kuma tana nufin son zuciya da raunin ɗan Adam. Carnal, daga Latin caro, nama, ta karkata kusan gaba ɗaya zuwa sha'awa, shi ya sa carnal knowledge a takardun kotu saduwa take nufi. Bodily da physical, masu nufin abin da ya shafi jiki, ba su da wannan nauyi. Corporal, wadda ita ma jiki ta shafa, ta fi zama a wajen horo na duka, kuma ma'anarta daban take da ta corporal ɗin soja, wanda muka mayar kofur.

Abin da ya sauƙaƙa mini duk wannan shi ne na daina ganinsa a matsayin sarƙaƙiyar Turawa. Mu ma muna da shi. Ba wanda zai kira mamacin gidansu mushe, kuma ba a yi wa mushen jaki ladabin da ake yi wa gawa. Haka corpse da carcass suke: ta farko ta mutum, ta biyu ta dabba. Ko corpse ɗin ma tana da sanyi irin na asibiti da 'yan sanda, don haka a gaban iyalan mamaci body ake cewa, ko remains, kamar yadda mu ma muke cewa marigayi ko mamaci idan muna zaune da masu makoki.

Yanzu idan ɗalibi ya tambaye ni ma'anar irin waɗannan kalmomi, nakan nemi ya kawo mini jimlar gaba ɗaya, mu duba wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, a kasuwa ne ko a kotu ko a wajen ta'aziyya. Daga nan muke komawa ga ƙamus.