Daga Leipzig: yadda na yi Juma'ar gicciye a bana

Salama gare ku 'yan'uwa na gida, iyaye da yayye da ƙanne, ina fata kowa lafiya, ya zafi. Ku yi min haƙuri gaisuwar ta tsaya nan, don tun da aka gama Ista saƙo ke shigowa ta WhatsApp da Facebook kuma tambayar kusan ɗaya ce, wai Turawan nan suna zuwa coci kuwa, wai ya ake Ista a Jamus, wai da gaske ne sun mayar da majami'unsu wajen kallo. Wasu kuma damuwarsu takardar zama ce da kuɗin haya da yadda ake samun gurbin koyon aikin jinya. Zan taɓa su in Allah ya yarda, amma bari in fara da wanda ya tsaya min a rai.

Juma'ar gicciye, su Karfreitag suke ce mata, hutu ce a duk faɗin Jamus kuma ba hutun yawo ba. Shaguna a rufe suke ruf, in baka yi cefane ranar Alhamis ba sai Asabar, Asabar ɗin kuma cunkoso ne don Lahadi da Litinin ma ba a buɗewa. Akwai doka da ta hana rawa da casu a bainar jama'a ranar, kowace jiha da irin tsaurinta. Abin da zai ba ku mamaki shi ne nan Leipzig tsohuwar Jamus ta Gabas ce, shekara 40 suna ƙarƙashin mulkin gurguzu har zuwa 1990, yawancin mutanen garin in ka tambaye su za su ce maka ba su da addini, ba Kirista ba ba Musulmi ba ba komai ba. Amma a makon nan tikitin shiga coci don jin waƙar wahalar Yesu ƙarewa yake tun da wuri.

Waƙar da nake nufi ta wani ne Johann Sebastian Bach, an haife shi 1685 ya rasu 1750. Shekara 27 ya yi a garin nan, daga 1723, shi ne shugaban mawaƙa na cocin Thomaskirche, yana koyar da yara maza na makarantar cocin yana kuma shirya waƙar ibada ta manyan majami'un gari. Ɗan Lutheran ne, don haka 'yan'uwanmu na cocin Lutheran ta LCCN a Numan da Yola, wannan naku ne. Ya ɗauki labarin kama Yesu da shari'arsa da gicciye shi da binne shi daga Bisharar Yohanna ya mayar waƙa a 1724, sannan ya yi ta Bisharar Matiyu, sura 26 da 27, wadda aka fara rerawa ranar Juma'ar gicciye ta 1727. Ita ta Matiyun kusan awa uku take ci. A zamaninsa ma tsakiyarta ake tsayawa a yi wa'azi kafin a ɗora, don ibadar yamma ce aka yi ta dominta. Kabarinsa yana cikin Thomaskirche ɗin, gaban bagade, kullum zaka ga an ajiye furanni a kai, kuma ƙungiyar yaran da ya koyar, Thomanerchor, tun 1212 take, har yau yaran suna nan suna rerawa.

Ni ban samu shiga can ba. Wata abokiyar aikina, dattijuwa ce ta kusa ritaya, ita ta gayyace ni wani ƙaramin coci a gefen gari inda kwayarsu za ta yi ta Matiyu tare da makaɗa da aka ɗauko. Tace min in sa kaya masu kauri.

To ku ji batun sanyin nan, don duk mai niyyar zuwa ƙasar nan ya sani. A waje bazararsu ta fara, itatuwa sun fara toho, rana ma ta ɗan leƙo. Amma ginin coci dutse ne, sanyin da ya sha tun Disamba yana nan cikinsa bai fita ba, kuma ɗumama irin wannan gini kuɗi ne masu yawa tunda gas ya yi tsada, don haka kaɗan suke kunnawa. Sanyi ne mai tasowa daga ƙasa, ya shiga ta tafin ƙafa ya hau gwiwa ya zauna a ƙugu, kai kuma kana kan benci na katako awa uku ba motsi. Tsofaffin da suka san kan abin kowacce da ɗan bargonta a jaka da matashin zama, wasu da safar hannu, ba wanda ya cire kwat. Makaɗan ma na ga suna hura iska a yatsunsu kafin su fara, kuma da yake irin kayan kiɗan zamanin da suke amfani da su, tsirkiyar gogensu ta hanjin dabba ce, sanyi da laima na sa ta saki, sai da suka ɗau lokaci mai tsawo suna ɗaurewa suna gwadawa kafin farawa da kuma bayan hutun tsakiya. Shawarata ita ce safa biyu, takalmi mai kaurin ƙasa, wando a ƙarƙashin zani ko siket, da alewar tari a aljihu wadda aka riga aka ɓare ledarta, don ƙarar leda a wajen nan har ƙarshen coci ake jinta. Kada ka ce ai Afrilu ce.

Abin da ya bambanta wannan da wanda ake gani a talabijin shi ne babu dandamali. Sun jera kujeru ta ɓangare huɗu suna kallon tsakiya, makaɗa kashi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, mawaƙan kuma ba su tsaya gaba a jere da yunifom ba, sun watsu cikinmu da kayansu na gida. Wanda ke kusa da ni na ɗauka ɗan kallo ne irina sai da ya buɗe baki. Ba lasifika ko ɗaya, ba makirfo, murya ce kawai da gini. Kuma wannan ba sabon salo ba ne gaba ɗaya, don Bach da kansa kwaya biyu ya rubuta wa da ƙungiyar makaɗa biyu, a 1736 ma har da ƙaramar ogan da ke can ɗaya ƙarshen cocin ya haɗa, yadda sautin zai zo wa masu ibada ta gaba da baya. A Berlin a 2010 shugaban makaɗa Simon Rattle da darektan wasan dandamali Peter Sellars sun yi irin wannan da mawaƙa suna yawo cikin zauren, amma nasu na manya ne, namu na unguwa.

Farkon waƙar kwaya ɗaya ke kira a zo a taya ta kuka, a duba, ɗayar tana tambaya a duba wa, a duba me, kamar zabiya da 'yan amshinta, sai ga muryar yara daga sama a bene ta ratso ta kan duka da waƙar Ɗan Rago na Allah. Na ɗaga kai ina neman inda suke. Daga nan mutum ɗaya mai siririyar murya ya ɗauki labarin, shi ne mai bishara, yana rera kalmomin Matiyu ɗaya bayan ɗaya da Jamusancin da Martin Luther, uban cocin Lutheran, ya fassara, yana tafiya a hankali tsakanin kujeru. Jamusancina na asibiti ne, ba duka nake kamawa ba, amma labarin na san shi tun ina Sande Sukul, don haka ban ɓata ba.

Akwai wurare da har yanzu in na tuna tsigar jikina tashi take. Wajen jibin ƙarshe da Yesu yace ɗayanku zai bashe ni, almajirai suka shiga tambaya ko ni ne, Bach sau 11 ya sa aka yi tambayar, ba 12 ba, don Yahuza bai yi tare da su ba sai daga baya. To su mawaƙan nan suna warwatse, sai tambayar ta riƙa fitowa daga bayana, daga gefena, daga can lungu. Suna gamawa aka ɗaga mana hannu mu duka muka rera baitin da ke takardar da aka raba mana, wanda farkonsa ke cewa ni ne, ni ya kamata in biya. Mutum ɗari da wani abu, har da waɗanda suka ce ba su yarda da Allah ba.

Sai wajen Bilatus. Ya tambaya wa zan sakar muku, sai duk cocin ya fashe da sunan Barabbas, ihu ɗaya tak mai kaifi, mutumin da ke zaune kafaɗa da kafaɗa da ni yana ciki, dattijuwar da ta gayyace ni tana ciki, fuskarta ta canza gaba ɗaya. Sannan a gicciye shi, a gicciye shi, murya na bin murya ta ko'ina. Na sha karanta wurin nan, na sha ganin matasa sun yi dirama da shi a gida muna dariyar sojojin Roma da hular kwali, amma ban taɓa jin tsoron taron ba sai ranar, don ina tsakiyarsa kuma ba hanyar fita. Duk wanda ya taɓa ganin yadda taro ke juyewa a garuruwanmu, mutanen da ka sani jiya su zama wasu yau, zai gane abin da nake faɗa.

Bayan Bitrus ya yi musu sau uku zakara ya yi cara, labarin tsayawa yake cak. Mace ɗaya ta miƙe da mai goge ɗaya, suka yi minti shida ko bakwai suna roƙon jinƙai, kalmomin ba su fi layi biyu uku ba ana ta maimaitawa. Ba wanda ya yi gaggawar wucewa. Nan na yi kuka sosai. Bach ya san mutuwa, yana ɗan shekara tara ya rasa uwa da uba, matarsa ta fari ta rasu yana kan tafiya, 'ya'ya 20 ya haifa rabinsu suka rasu suna ƙanana. Ina ganin shi ya sa bai iya yi wa baƙin ciki sauri.

Wani abu kuma da abokiyar tawa ta ce in saurara, duk inda Yesu zai yi magana gogen suna raka shi da wani sauti mai taushi da ke lulluɓe muryar, tun daga farko har ƙarshe, sai wuri ɗaya, inda yake kan gicciye yana kiran Allahna don me ka yashe ni. Nan suka yi shiru suka bar shi. Waƙar kuma a bakin kabari take ƙarewa, an rufe da dutse, ba a kai ga labarin tashin Yesu daga matattu ba, wannan sai Lahadi. An rubuta a takarda kar a tafa, ba a kuma tafa ba.

Na san cikin masu karanta ni akwai 'yan'uwa Musulmi da yawa, kuma na san a wajenku Annabi Isa ba a gicciye shi ba, ban kawo wannan don gardama ba. Ku kuka tambaya me Turawa ke yi, ga shi na faɗa. Game da ko sun mayar da coci wajen kallo, gaskiya wani ɓangare haka ne, tikiti ake saya kuma ranar Lahadi ta yau da kullum cocin nan ba ya cika. Abokiyar tawa kanta ba a yi mata baftisma ba, amma tun kaka suke haɗuwa kowane mako da yamma bayan aiki suna koyon waƙar nan, ba a biyansu ko sisi, su ma suke haɗa kuɗi. Ni ba zan iya yanke hukunci a kan abin da ke zuciyarta ba lokacin da take rera ni ne.

Abin da nake ta juyawa a raina shi ne namu. Muryoyi muna da su, wanda ya taɓa jin Zumunta Mata sun ɗauki waƙa da tulu da shantu ya san ba mu da abin jin kunya. Amma Baba Fasto, shugabannin kwaya, da girmamawa nake faɗa, lasifika ya cinye mana murya. Coci ɗan ƙarami sifika huɗu, jannareto na ruri a waje, kibod ya danne kowa. Ko sau ɗaya a shekara, ranar Juma'ar nan, a kashe su a gani. A raba kwaya biyu, a zaunar da su cikin jama'a, mutum ɗaya ya karanta Matiyu 26 da 27 da Hausa a tsanake, Littafi Mai Tsarki cikakke muna da shi da Hausa tun 1932, a riƙa tsayawa ana sa baiti daga Littafin Waƙoƙi wanda kowa ya haddace. Ba ya buƙatar kuɗi. Kuma a bar ranar da nauyinta, kar minti goma da gicciyewa a ce a tashi a yi rawa don ya tashi, Lahadi tana zuwa.

Batun takardar zama, a takaice, ku nemi ranar ganawa tun watanni kafin taku ta ƙare, kuma duk takardar da ta zo ta akwatin wasiƙa a buɗe ta ranar. Haya da aikin jinya sai wata wasiƙar.

In koma kan batun waƙa, shawarata ta biyu ita ce rubutawa. Bayan rasuwar Bach waƙar nan ta kwanta shekaru masu yawa ba a jin ta, sai 1829 wani saurayi ɗan shekara 20, Felix Mendelssohn, ya tashe ta a Berlin. Abin da ya sa ya iya shi ne an rubuta ta. Kwafin da Bach ya yi da hannunsa a 1736, kalmomin bishara da jan tawada, yana nan a babban ɗakin karatu na Berlin. Mu kuwa waƙoƙin makon wahala da iyayenmu mata suka ƙaga da bakinsu a ƙauyukan Zariya da Kudancin Kaduna da Filato da Gombe, da yawansu a kan tsohuwa ɗaya suke, in ta tafi sun tafi. Kowa yana da waya yanzu. Wanda kakarsa ko gwaggonsa ke da irin waƙoƙin nan ya zaunar da ita ya ɗauka, ya rubuta kalmomin, ya sa sunan garin da wanda ya koya mata. In kun turo min ta inbox zan tattara su wuri ɗaya, akwai wani a kwayar nan da ya iya rubutun kiɗa ya kuma ce zai taimaka a sa musu nota.

Taku 'yar'uwa a Leipzig.