Abin da na koya wajen tattara manyan abubuwan da suka faru a Japan a 2024

Da na zauna jera abubuwan da suka faru a Japan a 2024, wata bayan wata, sai na tarar samun labaran ba shi ne aikin ba. Aikin yana wajen tantance kwanan wata da alƙaluma.

Agogo na fara gyarawa. Japan tana gaban Najeriya da Nijar da awa 8. Kumbon Japan mai suna SLIM ya sauka a duniyar wata da ƙarfe 12:20 na dare, ranar 20 ga Janairu a Tokyo, alhali a Kano ana 19 ga wata, bayan la'asar. Duk wanda ya haɗa rahotanni biyu bai duba wannan ba, sai ya ɗauka saukar sau biyu aka yi. Na tsaya kan agogon Japan daga farko har ƙarshe.

Sai kalanda. Takardun gwamnati suna ƙirga shekara da zamanin sarki, don haka 2024 ita ce Reiwa 6, wato shekara ta 6 ta zamanin da ake kira Reiwa. Ka ƙara 2018 a kan lambar, ka samu miladiyya. Shekarar kasafi kuma a Afrilu take farawa, shi ya sa kuɗin agajin Janairu ke fitowa a lissafin shekarar da ta gabata.

Girgizar ƙasar da aka yi a yankin Noto na Japan, ranar 1 ga Janairu da ƙarfe 4:10 na yamma, ita ta fi cin lokaci. Hukumar yanayi ta Japan ta ce ƙarfinta 7.6, ta Amurka ta ce 7.5. Akwai kuma wani 7 daban, na ma'aunin shindo, wanda ke auna yadda ƙasa ta jijjiga a wani wuri, kuma 7 ne ƙololuwarsa. Ba a cakuɗa su. Adadin mamata ma bai tsaya ba: bayan mutum fiye da 200 da suka rasu nan take, hukuma ta riƙa ƙara waɗanda wahalar zaman matsuguni da rashin lafiya suka kashe daga baya. Duk adadin da na rubuta sai na liƙa masa ranar da aka fitar da shi.

Jeri yana raba abubuwan da ke haɗe. Jirgin masu tsaron gaɓar teku da ya yi karo da na Japan Airlines a filin jirgin saman Haneda na Tokyo ranar 2 ga Janairu, kayan agajin girgizar ya ɗauko. Biyar daga cikin mutum shida da ke ciki sun rasu, mutum 379 na jirgin fasinjan kuwa duk sun tsira. Ambaliyar Satumba ma Noton ta sake faɗa wa. Na haɗa su da alama guda.

A siyasa, Ishiba Shigeru ya ci shugabancin jam'iyyar LDP mai mulki ranar 27 ga Satumba, amma sai 1 ga Oktoba majalisa ta zaɓe shi firaminista. A zaɓen ranar 27 ga Oktoba ƙawancensa ya rasa rinjaye a majalisar wakilai. Ishiba sunan dangi ne, Japanawa a gaba suke sa shi.

Sauran ba su da gardama: babban banki ya ƙara kuɗin ruwa a Maris, karo na farko tun 2007, sababbin takardun yen sun fito 3 ga Yuli, ƙungiyar Nihon Hidankyo ta waɗanda suka tsira daga bam ɗin nukiliya kuma ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a Oktoba.